Daga Aboabo Zuwa Ankara Neman Gurbin Karatu

Tsakanin Kumasi da Ankara tafiyar kilomita wajen 250 ce, kuma da wuya a sami gida a zangunanmu wanda ba shi da mai bin wannan hanya. Masu goro da masu albasa suna bin ta, dillalan shanu suna bin ta, maniyyata ma ta nan suke gangarawa in lokacin aikin Hajji ya gabato. A 'yan shekarun nan an sami wasu sababbin matafiya a kanta, watau yara 'yan shekara 15 zuwa 18, rungume da jakar takardu, waɗanda aka kira babban birni don a yi musu tambayoyi, a zaɓi na turawa karatu ƙasashen waje. Galibi mu malaman makaranta mu ne 'yan rakiyarsu. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba da labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan tafiye-tafiye, ko iyaye da yara sa san abin da ke jiransu.

Fita neman ilmi dai ba baƙon abu ba ne gare mu. Alhaji Umaru na Kete Karaci, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a 1934, sai da ya shafe shekaru yana yawon karatu gari-gari kafin ya zama malamin da ake ji da shi a ƙasar nan. Bayansa 'ya'yan zango da yawa sun tafi Azhar ta Masar da Jami'ar Musulunci ta Madina. A 1983 gwamnatin Rawlings ta fara tura ɗaruruwan yara zuwa wani tsibiri na ƙasar Kyuba don su yi sakandare a can. Sa'an nan a 2002 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa shirin YES, wanda ya fara ɗaukar 'yan sakandare a 2003 daga ƙasashe masu yawan Musulmi, su je su zauna shekara guda a gidajen Amurkawa, Gana ma tana cikin ƙasashen da suka amfana. A da almajiri buzunsa da allonsa kawai zai ɗauka ya kama hanya. Yanzu kuwa sai an tankaɗe shi da rariya hawa-hawa, kuma wannan tankaɗen shi ne abin da muke so mu bayyana.

Auta Da Takardunta

Yarinyar da muka raka za mu kira ta Auta, don ita ce autar ɗakinsu. Sunanta na yanka da sunan ƙungiyar da ta shirya zaɓen mun bar su, tun da hanyar muke so a gani. A 2022 shekarunta 16, tana babbar sakandare, tana zuwa daga gida a Aboabo. Mahaifinta tsohon direba ne da ciwon ƙafa ya zaunar, mahaifiyarta kuwa koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi. Tun ƙarfe huɗu na asuba Auta ke tashi ta tace gasara, ta kai markaɗen wake, kana ta yi shirin makaranta. Gurbin da ta nema na musayar ɗalibai ne, shekara ɗaya a Amurka, ba a biyan ko sisi.

Rariya ta farko takarda ce. An nemi ta cika fom ta intanet, ta haɗa da sakamakon jarrabawarta na shekaru uku, da shaidar malami, da hotuna, da takardar haihuwa. A nan ne muka fara cin karo da ciwon da ke damun zanguna. Ranar haihuwar da ke jikin katin awo na asibiti daban, wadda aka rubuta lokacin rajistar jarrabawar BECE daban. Sunan mahaifi ma haka, kowa ya san yadda Abubakar na asibiti yake komawa Bukari a firamare, ya zama Abubakari a sakandare. Dokar ƙasa ta ce rajistar haihuwa kyauta ce matuƙar jariri bai cika shekara ɗaya ba, amma in an wuce nan sai da kuɗi da rantsuwa da zirga-zirga. Mako uku muka yi muna wannan gyara. Yara biyu da suka fara tare da ita a nan suka tsaya, alhali ba wanda ya gwada basirarsu tukuna.

Rariya ta biyu a zauren gidansu aka yi ta, domin fom ba ya tafiya sai da sa hannun uba. Alhaji ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya ce, "Ticha, tambaya uku gare ni. Wa zai tashe ta sallar Asuba? Me za ta ci? Kuma gidan wa za ta kwana?" Muka yi masa bayani gwargwadon abin da ke rubuce, cewa ana bincikar gidajen da ke karɓar yara, kuma akwai jami'in da ke bibiyar kowane yaro. Muka ƙara gaya masa abin da iyaye da yawa ba su sani ba, watau irin wannan biza ta musaya, in gwamnatin Amurka ce ta biya kuɗin, tana da sharaɗin yaro ya komo ƙasarsa ya yi shekara biyu kafin ya nemi izinin zama ko na aiki a can. Wannan ne ya kwantar masa da hankali fiye da kome. Ya nemi shawarar ƙanwarsa da limamin unguwa, bayan kwana huɗu ya sa hannu, ya ce, "Amana ce na ba ku."

Rariya ta uku jarrabawar Ingilishi ce, a nan Kumasi. Auta ta gaya mana cewa karatu da rubutu ba su ba ta wuya ba. Abin da ya kusa kayar da ita shi ne sauraro, domin an kunna musu muryar Ba'amurke a lasifika, yana haɗiye rabin haruffa, kuma ba a maimaitawa yadda mutum yake so. Bayan haka aka sa su rubuta wasiƙa zuwa ga iyalin da ba su taɓa gani ba, su bayyana kansu da gidansu. Makonni suka wuce shiru, har mun fara cire rai, sai ga saƙo ta waya cewa a kawo ta Ankara.

A Kan Hanya

Watan Disamba na 2022 ne, watan da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a ƙasar nan, kuɗin mota yana canzawa kamar hawainiya. Mu uku muka raka ta: mu, da wata malama abokiyar aikinmu, da gwaggonta, wadda Alhaji ya ce ƙafarta ƙafar Auta. Kuɗin motar gwaggo daga adashin mahaifiyar ya fito. Muka tashi daga tashar Asafo bayan sallar Asuba, hazon hunturu ya rufe gari, kowa ya ƙudundune cikin mayafi.

Da muka iso Ejisu sai malama ta ce bari mu fara gwaji. Ta tambayi Auta abin da ta sani game da garin. Nan take yarinya ta zuba: garin Yaa Asantewaa ne, wadda ta jagoranci yaƙi da Turawan Ingila a 1900, aka kama ta aka kai tsibirin Seshel, ta rasu a can a 1921. Muka yi murna. Sai malama ta ce, "To, in Baturiya ta tambaye ki yadda aka yi Hausawa suka zo Kumasi fa?" Auta ta yi shiru. Can ta ce ita ta yi niyyar cewa daga Kumasi take kawai, ba sai ta ambaci zango ba, don a makaranta in an ce zango, kwata da faɗa ake nufi.

Wannan magana ta hana gwaggo barci. Daga Konongo har Nkawkaw ita ke da bakin magana. Ta ba da labarin fataken Gwanja, yadda ayari ke tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da fata da baƙin yadi, su yi watanni a hanya, su sauke a Salaga su ɗauki goron Asante. Ta ce wurin da ayari ya yada kaya shi ne zango, kakan Auta na uku kuma a ayari ya zo. Mu kuma muka cika mata da abin da ke littafi: bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanenta, suka bazu Kete Karaci da Yeji da Kumasi da bakin teku. Auta ta ciro biro tana rubutawa a bayan ambulan ɗin takardunta, mota tana girgiza hannunta.

A Nkawkaw duwatsun Kwahu suka tsaya mana a hagu kamar ganuwa, hazo ya yanke kawunansu. Daga nan hanya ta shiga gonakin koko na cakulan da na ayaba. Kusa da Anyinam muka ga ruwan kogin Birim ya koma launin kunun kanwa saboda masu haƙar zinariya ta bayan fage, waɗanda ake kira 'yan galamse. Malama ta ce wa Auta ta duba da kyau, don ana iya tambayarta babbar matsalar da ke damun ƙasarta. Aka tsaya cin abinci a wajen Bunso, muka ci dokunu da kifi, gwaggo kuwa ta kwance ƙullin dambunta, ta ce ita ba ta yarda da tukunyar hanya ba. Bayan Suhum muka wuce masu burodin Nsawam suna bin motoci da gudu, muka hau gadar Pokuase mai hawa huɗu da aka buɗe a 2021, sa'an nan cunkoso ya riƙe mu daga Achimota har Sakul. Tafiyar da ake yi cikin awa biyar ta ci mana bakwai.

Kwanan Nima

A Nima muka sauka, gidan wani ɗan'uwan gwaggo mai sayar da hatsi. Wanda ya saba da Aboabo ba ya baƙunta a Nima. Hausa ce harshen titi, ko da mai maganar Bazabarme ne ko Bakotokole ko Bamoshe. Ga masu cincinga suna fifita wuta, ga masu wake da shinkafa da layin jama'a a gabansu, ga kiran salla daga masallatai biyar lokaci guda. Unguwar ta samo asali ne a wajejen 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami izinin zama daga masu ƙasa, mutanen Ga, kamar yadda Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Yau ta cika ta batse, lungunanta wasu ko mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa.

Lokacin da muka je, maganar Nima ɗaya ce, watau Mohammed Kudus, ɗan unguwar, wanda ya ci wa Gana ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu ranar 28 ga Nuwamba, aka tashi 3 da 2 a gasar cin kofin duniya ta Katar. Mai masaukinmu ya tuna mana cewa shi ma ta rariya ya bi, makarantar ƙwallo ta Right to Dream ce ta tsince shi yana yaro, daga nan ya tafi Denmak a 2018. Ya ce, "Amma ku dubi filin da ya taso, yara nawa ne ke buga ƙwallo a can har gobe? Ɗaya aka ɗauka." Auta tana gefe tana jin wannan, ba ta ce kome ba.

Da magariba muka taka zuwa Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, mai hasumiya huɗu da ƙubba bisa fasalin masallatan Istanbul. Gwaggo ta yi dariya ta ce ga mutanen waccan Ankara sun zo sun yi gini a tamu Ankarar. Daga harabar masallacin mutum yana iya ganin yadda birnin ya rabu. A wannan hannu rufin kwanon Nima ne ya haɗe da juna. Tsallaken titi kuwa unguwannin manya ne masu itatuwa da katanga, inda ofisoshin jakadanci suke. Tafiyar minti goma ce a trotro, amma akwai yaran Nima da suka girma ba su taɓa shiga waɗannan unguwanni ba. A can aka kira Auta washegari.

Ranar Tankaɗe

Ƙarfe bakwai muka isa wata makaranta da aka ara don wannan aiki. Yara sun kai 60. Akwai 'yan manyan makarantun kwana cikin kwat, suna gaisawa da juna da Ingilishi mai santsi. Akwai na Tamale da Wa da Bawku, waɗanda suka kwana a mota, idanunsu jajir. Aka liƙa wa kowa lamba a ƙirji, aka ce 'yan rakiya su tsaya waje. Muka sami gindin wata bishiyar mangwaro muka zauna tare da sauran iyaye da malamai, daga safe har La'asar. Abin da ya faru a ciki daga bakin Auta muka ji shi.

Da farko an raba su takwas-takwas, aka ba kowane rukuni tsofaffin jaridu da zare, aka ce su gina hasumiya cikin minti 20. Wasu mutane suna zagayawa da takarda a hannu, ba sa magana, rubutu kawai suke yi. Auta ta ce tun minti na biyu ta ga ginin zai faɗi, don gindin ya yi siriri, amma wani yaro mai baki ya karɓe ragamar, ita kuma ta ji nauyin katse shi. Hasumiya ta faɗi. Da aka tambaye su dalili, sai ta faɗi abin da ta gani. Ɗaya daga cikin masu rubutun ya ce, "Me ya hana ki faɗa tun da wuri?" Ta ce ba ta sami amsa ba. Har lokacin cin abinci ana lura da su, wa ya zauna da waɗanda bai sani ba, wa ya kwashe kwanonsa.

Bayan Azahar aka shiga ganawa ɗaya-ɗaya, minti 15 gaban mutum uku. Auta ta shiga ta rusuna, ta kafa ido a ƙasa yadda aka tarbiyyantar da ita. Cikin ukun akwai wata budurwa mai lulluɓi, wadda ta taɓa zuwa irin wannan karatu ta komo. Ita ce ta yi ƙasa da murya ta ce mata da Hausa, "Ƙanwata, ɗago kai ki dube mu." Tambayoyin ba na littafi ba ne. In gidan da aka kai ki suna da kare a cikin falo fa? In sun gayyace ki coci ran Lahadi? In azumi ya same ki, ke kaɗai ce mai yi a duk makarantar? In wata ta tambaye ki dalilin rufe gashinki? Game da kare ta ce za ta roƙi a hana shi shiga ɗakin da take salla. Game da coci ta ce maƙwabtansu a Aboabo Kirista ne, ta sha zuwa bikinsu, su ma suna cin naman Sallarsu.

Sai aka ce ta ba da misalin wata matsala da ta taɓa warwarewa. Ta yi haddar amsa game da burinta na zama likita, amma tambayar ba ta bi ta nan ba. Da ta rasa abin faɗi sai ta kawo maganar koko. Ta ce da man gyaɗa da wake suka yi tsada a wannan shekara, mahaifiyarta tana ciniki amma kuɗi ba ya taruwa. Ita ce ta yi mako guda tana rubuta abin da aka saya da abin da aka sayar, ta gano masu cin bashi ne ke cinye ribar, ta buɗe musu littafi, ta sa ranar biya. Ta ce a nan ne ta ga duka ukun sun ajiye biro suna kallonta. Tambaya ta ƙarshe ita ce, "Mene ne zango?" Ta ba su labarin ayari da goro da Salaga, kusan yadda gwaggo ta faɗa a mota. Da ta fito hannunta yana rawa, ta ce da mu, "Ticha, ashe abin da nake ɓoyewa shi suke nema."

Da yamma muka kai ta bakin teku ta bayan Dandalin 'Yancin Kai, don ba ta taɓa ganin teku ba. Ta tsaya nesa da ruwan, takalmi a hannu, tana kallon kwale-kwalen masunta. Gwaggo ta tambaya ko Amurkar tana bayan wannan ruwa ne, muka ce haka ne, amma da nisa. Ta ce, "To, Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri." Washegari muka kamo hanyar gida.

Zaman Jira

A Janairu aka ce ta tsallake, a kawo takardun likita da na rigakafi da fasfo. A wani ofishi da muka je, jami'in ya dubi sunanta ya ce, "Ina ne garinku?" Ta ce Kumasi. Ya ce yana nufin garinku na asali. Duk ɗan zango ya san wannan tambaya, kuma dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Ya kamata kowa ya san cewa tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan fara aiki da shi ɗan ƙasa ne in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Sai dai magana ba ta isa, takarda ake so. Abin da ya cece mu tsohon katin aikin kakanta ne da gwaggo ta adana a ƙasan adaka.

A Maris 2023, ana gab da fara azumi, sakamako ya fito. An sa Auta cikin 'yan jiran gurbi, watau in wani cikin waɗanda aka zaɓa ya fasa, ko ya faɗi gwajin likita, ko aka hana shi biza, sai a kira ta. Wannan matsayi ya fi faɗuwa wuyar ɗauka, don mutum bai tafi ba, bai kuma zauna ba. Azumi ya wuce, Ƙaramar Salla ta wuce, Babbar Salla ta zo a ƙarshen Yuni, waya ba ta yi ƙara ba. A Agusta waɗanda aka zaɓa suka tashi. Ba wanda ya fasa.

Abin da ya fi yi mata ciwo daga unguwa ya fito. Tun ranar da aka ga ta hau motar Ankara labari ya bazu cewa ta tafi, har mata suna aiko da saƙon abin da za ta sayo musu. Da Agusta ta wuce sai aka laƙaba mata 'Yar Amurka. In ta kawo markaɗe da asuba sai a ce, "'Yar Amurka, jirgin bai zo ba?" Ta yi mako biyu ba ta son fita. Mahaifinta ne ya kira ta ya ce, "Auta, cikin yaran da suka cika fom, ke kin kai inda aka dube ki ido da ido. Ni ban taɓa kai nan ba. Koma makaranta." Ta koma, ta rubuta WASSCE a 2024, ta ci da kyau. Yanzu ran Asabar takan zo ta taya mu yi wa na bayanta gwajin ganawa, kuma ba ta barin yaro ya amsa tambaya yana kallon ƙasa.

Abin Da Hanya Ta Koya Mana

Ƙofofin nan buɗewa suke yi suna rufewa. A 2025 gwamnatin Amurka ta janye kuɗin shirye-shiryen musaya da dama, saboda haka kada kowa ya dogara da ƙofa ɗaya. Akwai tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wanda a shekarun nan ake buɗe nemansa a Janairu a rufe a Fabrairu, ta intanet kuma kyauta, mai neman digiri na farko kada ya kai shekara 21. Akwai makarantun UWC guda 18 a duniya, ta farkonsu an buɗe ta a Wels a 1962, suna ɗaukar matasa ta hannun kwamitin kowace ƙasa. Akwai African Leadership Academy a Johannasbag, wadda ɗan Gana Fred Swaniker yana cikin waɗanda suka kafa ta, ta fara karatu a 2008. Sunaye daban-daban ne, amma rariyar kusan iri ɗaya ce: takarda, jarrabawa, rubutu game da kai, da ganawa.

Ga iyaye, muna roƙo a yi wa jariri rajistar haihuwa kafin ya shekara, a kuma tsaya a kan rubutun suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya tun daga asibiti har sakandare. A adana tsofaffin takardun kakanni, ko da sun yi ja. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma yi hattara da 'yan koneshan masu cewa a kawo kuɗi su samo gurbi. A duk matakan da Auta ta bi, ba inda masu zaɓen suka karɓi ko kwabo.

Ga 'yan'uwanmu malamai, na boko da na allo, kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma mu koya wa yaro cewa akwai ɗakin da sunkuyar da kai ladabi ne, akwai kuma ɗakin da ake ɗaukarsa rashin sani. Mu ba su damar yin magana a aji, su yi musu da hujja, su katse na gaba da su cikin ladabi in sun ga gini zai faɗi. Mu kuma koya musu tarihin zango kamar yadda muke koya musu na Asante da na Ga. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kusa kashi 20 cikin 100 na mutanen ƙasar nan, bai kamata ɗansu ya shiga ɗakin ganawa yana ɓoye unguwarsu ba.

Ga jama'ar unguwa kuwa, yaron da ya je ya gwada bai samu ba, addu'a ya cancanta. In muka mai da shi abin tsokana, ƙannensa da ke kallo ba za su yarda su cika fom ba, mu ne kuma da asara. Ƙungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai za su iya ware ɗan abin da zai biya wa yaro da mai rakiyarsa kuɗin mota zuwa Ankara, don kada adashin uwa ya riƙa ƙarewa a tasha.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya buɗa musu ƙofofin ilmi mai amfani a gida da waje, Ya komo mana da na nesa lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.